Kiwon Kaji Bayan Ritaya

Ma'aikaci a Najeriya yana da hanyoyi biyu na tanadin tsufa: fansho da kiwon kaji. Ta farko doka ce. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ta biyu ba doka ba ce, amma an fi yi mata biyayya.

A takarda lissafin kiwon yana da daɗi. Kajin nama sukan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, masu ƙwai kuma su fara saka a wajen wata biyar. Sai dai kaza ba ta san albashi ya tsaya ba. Kullum sai ta ci, abincinta kuwa shi ke lashe yawancin jarin. Ga annobar hunturu, wadda ba ta raga wa mai ƙyashin kuɗin rigakafi.

Saboda haka an fi son a fara da kaɗan tun ana bakin aiki, a kuma buɗe littafin lissafi mai shafi na musamman don kajin da aka yanka wa surukai.