Akwatin Alhaji Ya Yi Mantuwa

Wani sabon rashi ya shigo mana ƙasar Karaye da Rogo, wanda ba a kafa masa rumfa, ba a daka gumba, amma ana zaman makokinsa sosai. Rashin bayanai ke nan. Da can memori ne ke lalacewa, ka yi tsaki ka koma wajen mai tura fina-finai ya cika maka wani. Yanzu masu hali sun wuce wannan ajin. Ɗan Alhaji ya je karatu birni, ya dawo da wani baƙin akwati mai faifan ajiya biyu a ciki, irin na Synology ko Western Digital, ya jona shi da rawuta, ya ɗora a kan firij. Daga ranar duk wayar da ke gidan nan take juye kayanta: bidiyon bukukuwa, hoton takardun gona, tafsirin azumin bara da na bara waccan, sai kuma babban, wato lissafin bashin shagon taki. Tsohon littafin takarda kuwa tuni yara suka kai wa mai ƙosai, tunda an waye.

Sai wata rana a ɗauke wuta akwati yana tsakiyar rubutu, a kawo, a sake ɗaukewa, a tada janareto. Gari na wayewa Alhaji ya buɗe waya, akwati ya ce shi bai san da wani ma'aji ba, amma in ana so a ƙirƙiri sabo, ga madanni nan.

Mutanen Karaye bai kamata wannan ya ruɗa su ba, don sun ga irinsa da idonsu. A 2019 aka kafa masarautar Karaye, a watan Mayun 2024 doka ta soke ta. Fada ba ta matsa ko taku ɗaya ba, gonaki suna nan, madatsar Challawa tana cike da ruwanta. Suna ne kawai ya fita daga takarda, kuma a Yulin 2024 ɗin ya dawo da ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. To sau da yawa haka abin yake a akwatin. Hotunan suna kwance a kan faifai, ɗan jadawalin da ke nuna inda kowanne yake ne ya tabu. Abin da mara lafiyan yake buƙata shi ne a kashe shi, a ƙyale shi, kada a rubuta komai a kansa.

Ƙyalewa kuwa ita ce ba mu iya ba. Kafin azahar zaure ya cika da ƙwararru. Mai cajin waya ya ce a zare faifan a hure shi. Mai gyaran rediyo ya kara shi a kunne, ya girgiza, ya ce akwai abin da ya kwance a ciki, a miƙo masa sukurdireba. Wani ya ce a binne shi cikin buhun shinkafa ya kwana, alhali ko yayyafi bai taɓa shi ba. Daga cikin gida Hajiya babba ta aiko a faɗa wa Alhaji baki ne, tun ranar da aka nuna wa baƙi bidiyon kamu ta san za a rina.

Waɗanda suka fi kowa tausayi su ne masu bashin taki. Tun daga ƙauyukan Rogo suke hawo babur su zo jaje. "Alhaji, sai haƙuri. Abin duniya ne, mu ma da muka ji ko abinci ba mu iya ci ba." Su ne kuma za ka ji suna ba da shawara cikin natsuwa: "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka zuwa Kano. A danna sabon nan kawai, a fara daga farko, Allah ya mayar da alheri." Wanda aka san buhu shida ake binsa, yau yana tuna kamar biyu ne, shi ma ɗin ba zai rantse ba.

Mafi haɗari a taron shi ne yaro mai laftof, don shi ya san wani abu kaɗan. Zai jona faifan da Windows, ita kuwa ba ta jin yaren akwatin, domin galibin waɗannan na'urori da tsarin Linux suke rubutu, ext4 ko Btrfs. Sai ta yi tambaya cikin ladabi ko a yi fomat. Zaure gaba ɗaya ya amsa, "Danna e mana!" Mu dai ba ma son mu ga an yi mana tambaya mu ce a'a.

In ka tambayi Alhaji ina kwafi na biyu, zai dube ka da mamaki: ai faifai biyu ne a ciki. Gaskiya ne, amma na biyun ɗan amshin Shata ne, duk abin da na farko ya yi shi yake maimaitawa, har da gogewa da kuskure. Amfaninsa ranar da faifai ɗaya ya mutu ne, ba ranar da mutanen zaure suka taru ba. Kada kuma a ce mu kaɗai ne. A watan Yunin 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital a ƙasashe daban-daban sun wayi gari an share musu komai ta intanet. A kamfanin Pixar na Amurka ma a 1998 an goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, kwafin ofis bai yi aiki ba. Wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida ce aka samu kwafi a kwamfutarta. A gidan Alhaji akwai mai jego, amma wayarta cike take da hotunan barka da Juma'a.

Daga ƙarshe dai a naɗe akwati a cikin darduma a nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Tambayar mai gyara ta farko: "Alhaji, akwai wanda ya taɓa shi?"

"Babu kowa," in ji Alhaji, ƙwayar shinkafa tana faɗowa daga ramin fanka.

In an dace da wanda ya san aikinsa, zai fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, sannan ya yi bincike a kan kwafin. Manhajar TestDisk, wadda kyauta ce, takan gyara jadawalin da ya lalace. In hakan ya faskara sai a koma ga 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ke bin faifai tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda. Sai dai tana da hali biyu. Ba ta dawo da sunaye, lambobi take liƙa wa komai, dole a zauna a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Sannan ba ta bambance abin da ya ɓace da abin da mai shi ya goge da hannunsa, da gangan, da tsakar dare.

Shi ya sa Alhaji ya dawo da murna, ya tara iyali a falo, aka jona talabijin don a tantance. Lissafin bashi ya fito, buhu shida cif. Takardar gona ta fito. Sai ga hoto na gaba, wata mai jan mayafi tana murmushi a bakin madatsa.

"Alhaji," in ji uwargida, "wannan kuma takardar wace gonar ce?"