Kyaftin Ɗin Gidanku, Na Ruwa Ne Ko Na Tudu?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Wai me ya haɗa mutumin Birnin Kudu da teku, balle a ce kakansa injiniyan sojan ruwa ne? Ku 'yan majalisar bakin tasha har kun fara ƙyaƙyatawa: mutumin da ya tashi a gindin Dutsen Habude, iyakar ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gari, na Gwaram kuwa in kogi ya kawo sai ya tsaya a gaɓa yana ƙwala wa mai kwalekwale kira. To, ku yi dariyarku ku more. Ku kuma masu bugun ƙirji kuna cewa "ai kakanmu Kyaftin ne a jirgin yaƙi", kada ku gyara zama, don a kanku zan fi daɗewa.

Masu dariya, ku ba ni amsa. Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo, wanda ya riƙe rundunar sojan ruwan Najeriya daga 2021 zuwa 2023, ba Bakano ba ne? A wace teku ya yi wankan jarirai, Kogin Jakara? Murtala Nyako na Mayo-Belwa ya riƙe kujerar daga 1990 zuwa 1992. Makarantar NDA da ke yaye hafsoshin ruwa tun asali a Kaduna take, kuma yanzu haka rundunar tana da kwalejinta a Dawakin Tofa. A shekarun 1970 har jirgin sintiri aka yi mai suna Haɗejiya. Katsinawa ba su samu sun rama wa abokan wasansu ba sai 2016, da aka ƙaddamar da jirgin Karaduwa, wanda injiniyoyin rundunar suka ƙera da hannunsu a Legas. Nisan fiye da kilomita 1,000 bai taɓa hana ɗan Arewa cin abinci a bakin teku ba.

Yanzu ku, jikokin Kyaftin. Akwai wani irin ƙarin girma da ba ya bi ta hedikwata, a tsakar gida ake yin sa. Tsoho ya rasu yana mai shafa wa inji giris. Ranar sadakar arba'in ya zama bakanike. Da 'ya'yansa suka tsufa ya zama injiniya, da jikoki suka buɗe Facebook sai ga shi Kyaftin. Ban ce kuna ƙarya ba, Allah ya tsare ni. Tambaya ɗaya tak gare ni: a wace shekara?

Shekarar ce ke raba gardama, domin kafin 1 ga Yuni 1956 Najeriya ba ta da rundunar sojan ruwa. Abin da ake da shi ma'aikatar jiragen ruwa ce ta gwamnati, wadda ake kira Marin. Arewa ta samu tata a 1900, da mazauni a Lakwaja, aka haɗe ta da ta Kudu a 1914. Aikinta yashe hanyar ruwa, kula da fitilun gaɓa, jigilar wasiƙu da ma'aikata, sai in yaƙi ya taso a ari jiragenta, kamar yadda aka yi a yaƙin Kamaru na 1914. Wanda duk ya yi aiki a can kafin 1956 ma'aikacin gwamnati ne, ko da kuwa yana sa fararen kaya masu kaifin guga.

Wasu kuma hujjarsu ita ce tsoho ya sha ba su labarin makonnin da ya yi a teku ba ya ganin ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da aka kwasa zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944, cike suke da 'yan Lardin Kano, kuma a jirgin ruwa aka kai su. Sai dai fasinja ne, 'yan uwa. Sojan ƙasa ne da ya sha amai a hanya.

Ga ma'auni, ku gwada naku da shi. Joseph Edet Akinwale Wey, haifaffen Kalaba a 1918, ya shiga Marin wajen 1940 a matsayin mai koyon aikin inji. Sai da ya kwashe shekaru kusan 16 yana fama da tukunyar tururi kafin a mai da shi sabuwar runduna a 1956, kuma da muƙamin ƙaramin Laftanar ya fara. A 1964 ya zama Kwamodo, ɗan ƙasa na farko da ya karɓi rundunar daga hannun Turawa. Ya zama Riya Admiral a 1967, Bayis Admiral a 1971, ya kuma zama na biyu a gwamnatin Gowon har juyin mulkin 1975. To in mutumin da ya fi kowa gudu a wannan tsani yana matakin ƙasa a 1956, yaya aka yi naku ya riga shi zama Kyaftin tun zamanin Hitila, kuma ba a buga ko a Gaskiya Ta Fi Kwabo ba?

Ita kanta kalmar Kyaftin ɗin tana da tarko. Na sojan ƙasa mai anini uku daidai yake da Laftanar na ruwa. Kyaftin na ruwa kuwa tsaran Kanar ne, sai ya wuce Laftanar, ya wuce Laftanar Kwamanda, ya wuce Kwamanda. Ga kuma abin da ya fi ba ni dariya: ku ce shi ke tuƙa jirgin, kuma shi ne injiniyan. Ku zaɓi ɗaya. Mai ba da umarni yana sama yana kallon hanya, injiniya yana can ƙasa inda ko taga babu.

Ku sauko da hoton nan da ke rataye a ɗakin Hajiya Babba, a kakkaɓe ƙura, a duba hannun riga. Zobe biyu na zinariya Laftanar ne, biyu da siriri a tsakiya Laftanar Kwamanda, uku Kwamanda, huɗu Kyaftin. A tsarin Ingila da muka gada, injiniya yakan sa ƙyalle ruwan shunayya tsakanin zobban, har sojan ruwansu suka daina a tsakiyar shekarun 1950, na jiragen kasuwa kuwa suna sawa har gobe. Hoton naku baƙi da fari ne, na sani, sai ku dubi ko tsakanin zobban ya ɗan bambanta da launin rigar. In kuwa babu zobe ko ɗaya, sai hula mai da'ira marar baki, da faffaɗan wuyan riga da ya sauka a kafaɗa, da tambarin farfela a damtse, to kakanku ƙaramin ma'aikacin ɗakin inji ne. Kada Hajiya ta ji daga bakina.

Ni dai ban ga abin ɓoyewa a nan ba. Mutumin da ya bar gonar gero a Gwaram, ya je ya tsaya awa huɗu a gaban wuta yana sheƙa kwal ɗin Inugu da shebur, idonsa a kan allurar ma'aunin tururi, kunnensa na rarrabe ƙarar ƙarfen da ya ji mai da wanda ke neman cinye kansa, ya yi abin da yawancin masu dariyar nan ba za su jure wa na wuni ɗaya ba. Su kansu Turawan sai da suka daɗe suna raina masu baƙin mai a farce. Injiniyoyinsu na sojan ruwa ba su samu laƙabin Laftanar da Kwamanda ba sai 1903.

Mai son tabbaci ya fara da akwatin ƙarfen tsoho. Takardar sallama da katin fansho sun fi kowane labari, domin suna ɗauke da lambar aiki, ita ce kuma ba ta canzawa. Suna kam ba abin dogaro ba ne: akawu kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, kuma a wurinsa duk wanda ya fito daga wannan yanki Kano ne. Kada ku ɓata lokaci kuna neman Jigawa a fayil, sai 27 ga Agusta 1991 aka haife ta. Naɗin hafsa da ƙarin girmansa akan buga su a gazet ɗin gwamnati da kwanan wata, ana kuma samun tsofaffin gazet a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da na Ibadan. Ƙananan ma'aikata ba su cika shiga ciki ba, don haka in an rasa sunansa, masu dariya kada ku yi saurin tafawa.

In soja ne na gaske kuma ya ci fansho, sai a nufi hukumar fanshon soja da ke Dutse. Mutanen Gwaram, ku sauke ƙafa daga kan babur: Dutsen Alhaji ta Abuja nake nufi, ba tamu ba. Ku haɗa kuɗin mota, ku tura wanda ya fi kowa iya riƙe fuska, don mai yiwuwa ya tafi da Kyaftin ya dawo da mai tambarin farfela.