Turanci ya raba jiya gida biyu

Adjen Kotoku, Akara, ƙasar Gana

Taubashi sarkin lalaci,

Ina fata gero ya shiga rumbu, ko da yake na san ba da guminka ba. Ka gaishe min da Inna da Kawu da duk mutanen Gidan Sori.

Tun da aka taso kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa nan a 2021, buhunan Galmi nake saukewa. A zango Hausa ta ishi mutum, amma masu saye da ma'aikata sai da Turanci, shi ya sa na shiga makarantar dare. Ka tuna imparfait da passé composé da mushe ya sha zane ka a kansu a lakwal? To, ƙannensu na tarar a nan.

Mu da Hausa, ka ce "jiya na tafi" ko "jiya ina tafiya", magana ta ƙare. Bature ma haka ya raba. Aikin da aka yi aka gama, a liƙa masa "ed" a wutsiya: "I worked". Akwai kuma masu taurin kai irinka, da ba sa karɓar wutsiyar: "go" ya koma "went", "buy" ya koma "bought", "sell" ya koma "sold". Aikin da ake tsakiyar yi kuwa, sai "was" ko "were", a ƙara "ing": "I was working". Idan suka haɗu, dogon shi ne igiya, gajeren shi ne wuƙar da ta yanke ta. Namu "ina cikin cin tuwo sai baƙo ya yi sallama" ke nan: "I was eating when the guest came."

Kada ka raina bambancin. Wani ɗan Tibiri aka tambaya a aji me yake yi da maigida ya iso shago. Ya buga ƙirji ya ce, "When Alhaji came, I worked." Malama ta ce ya tona wa kansa asiri, wato sai da ya hango Alhaji ya tashi ya kama aiki. Da "I was working" ya ce, da an san zuwan ya same shi yana kai. Ni dai na ce wannan jimla kai aka ɗinka wa, ranar da Kawu ya leƙo gona.

Batun kuɗin shara na watan cika-ciki da kake ta aiko min da saƙo a kai: "I was sending it when the network went off." Ina cikin turawa rezo ya ɗauke. Ka kai wa yaran koleji su duba maka, babu inda na ce "I sent". Malama ta tabbatar mana mai "ing" bai yi wa kowa alkawarin ƙarasawa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Ubangidanka na Akara