Wasiƙa Zuwa Ga Sarkin Faci Na Tudun Wada

Ya kai taubashina kuma bawana, ina fatan kana lafiya, da kai da famfon iskarka da bahon ruwan da kake neman huji a ciki. Ni dai ina nan Hustan ta jihar Tekzas, zafi kamar na gida, sai dai nan har da gumin da ba ya bushewa.

Ka san aikin gadi nake yi, kuma tun da na samu lasisin gadi da makami nake rataye da fistol. Tawa Taurus ce, samfurin PT92, ƙirar Brazil. Asalinta Beretta ce ta Italiya: a 1980 kamfanin Taurus ya sayi masana'antar Beretta da ke Sawo Fawlo, ya ci gaba da ƙera irinta. Wato su ma taubasai ne kamar ni da kai, kama ta yi kama, amma kowa ya san wanda ya fi kyau.

Matsalar ita ce mariƙin. Na asali tauri gare shi, in hannu ya jiƙe da gumi sai ya riƙa santsi. Wani dattijo abokin aikina, tsohon soja, ya ba ni mariƙin roba na kamfanin Hogue da ya daɗe a akwatinsa. An yi shi ne don tsohuwar PT92, wadda makullinta sama da tsakiya kawai yake zuwa. Tawa sabuwa ce, makullin yana da mataki na uku: ka danna shi ƙasa, hamar ta sauka a hankali ba tare da ta harba ba. Da na ɗaura robar sai ta tokare wannan matakin. Dattijo ya ce a kai wa maƙerin bindiga. Na ce masa ni ɗan gidan masu faci ne, a zuriyarmu akwai wanda ya shekara ashirin yana yanka tuf bai yi arziki ba, amma bai taɓa ɓata roba ba.

To saurara, ka ga inda sana'arka ta kai. Kafin komai na zare gidan harsashi, na ja saman bindigar baya na leƙa na tabbatar babu ko ɗaya a ciki, na kai harsasan wani ɗaki. Wannan ba wurin wasa ba ne, ko da kai nake magana. Sannan na shafa alli a bakin makullin, na danna, inda allin ya taɓa robar nan ne wurin cirewa. Robar ba zalla ba ce, akwai ƙashi mai tauri a cikinta, don haka reza ta ɗauki saman, zarto ya ci na ciki, sanfefa ta goge. Kaɗan-kaɗan nake ci, in ɗaura, in gwada, in kwance. Abin da kake faɗa wa yaran shagonka kana zare ido shi ne ya yi mini jagora: roba in ka yanke ta, ta tafi ke nan.

Akwai wurin da mai gaggawa kan yi asara. A ɓangaren dama akwai wani siririn ƙarfe da ya haɗa kunama da cikin bindigar, yana wucewa ta ƙarƙashin mariƙin. In roba ta matse shi, kunama ba za ta koma mazauninta ba, ranar da ake buƙata bindiga ta zama guduma. Haka sukuru, in ka ɗaure shi ya zarce ciki, gidan harsashi ya ƙi fita. Duk na duba, sannan na je filin gwaji na harba. Lafiya lau, ta zauna a hannu daram.

Yanzu ga labarin da zai hana ka barci. Wasu Amurkawa ba sa sayen komai: tuf ɗin keke suke yankawa su zura wa mariƙin, su ce ya fi. Tuf, taubashi! Wanda ka tara a bayan shago Inna tana faɗan yana tara sauro. Da kana nan da tuni ka zama injiniya, har da katin suna.

Amma kada daɗin labari ya ɗebe ka. Nan tun 2021 ɗan shekara 21 mai tsabtataccen tarihi yana iya ɗaukar fistol a Tekzas ba lasisi. A gida kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma ban ji an ce kuna gaisawa ba. Duk wanda ya kawo maka irin wannan gyara, ka ce masa taya kake yi.

Ka gaida Inna da Baffa da amarya, Allah Ya ba ta haƙurin zama da kai. In an samu mai zuwa a aiko mini da yaji da kuka. Ban da kilishi, a filin jirgi ake ƙwace nama.

Naka, ubangidanka na Hustan.