Fitila Mai Wayo a Gidan Gado: Nazarin Wani Gwaji a Potiskum

Abin da ake nufi da sarrafa fitilun gida ta na'ura shi ne a ɗauke wa mutum wahalar miƙewa ya taɓa makunni, a ɗora aikin a kan wata na'ura da za ta kunna ko ta kashe bisa ga lokaci, ko shigowar duhu, ko motsin mai wucewa, ko umarnin da aka aiko daga wayar hannu. Fasahar ta girmi yadda ake zato, domin tun a 1975 kamfanin Pico Electronics na Sukotland ya fito da tsarin X10 mai aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida, sannan ta ƙara bazuwa bayan 2012, lokacin da Philips ya fitar da ƙwayayen fitila na Hue masu jin maganar wayar hannu. Maƙeran waɗannan kaya sun gina aikinsu a kan sharuɗɗa uku da ba su ga dalilin rubutawa a jikin kwali ba, wato wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, kuma babu mai taɓa makunni. Mai wannan rubutu, magidanci a Potiskum da ke zaune a gidan gado wanda aka yi wa wayarin tun kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, ya gudanar da gwajinsa a inda babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Hanya biyu ce mai farawa ke bi a gidan da aka riga aka gina: ko ya sauya makunnin bango da mai wayo, ko ya sauya ƙwan da kansa. Ta farko ta fi tsafta, amma yawancin makunnan nan suna buƙatar wayar da masu gyaran wuta ke kira nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta bayan ta gama aiki, saboda na'urar da ke cikin makunnin ita ma tana cin wuta ko da fitila a kashe take. A tsarin wayarin da Najeriya ta gada daga Ingila kuwa, galibi layif kaɗai ake saukowa da ita makunni, nutural ta tsaya a sama wajen fitila. Mai gyara ya buɗe makunnin, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, in dai sai an sauko da ita, to sai an fasa bango." Hajiya, mahaifiyar maigidan, wadda ke sauraro daga bakin ɗakinta, ta tambaya ko bangon da marigayi ya gina ne za a fasa saboda fitila, da haka aka rufe wannan babi ba tare da muhawara ba. Aka koma kan ƙwai, aka ba wani direba saƙo daga Kano, kaya suka iso duka masu gindin murɗawa alhali mazaunan fitilun gidan na tsohon yayi ne masu ƙusa biyu, sai da aka sake kiran mai gyara ya sauya su.

Ƙwai mai wayo ƙaramar kwamfuta ce da rediyo a cikin gilashi, kuma ba ya jin umarni sai wuta na shiga cikinsa, abin da ke nufin dole makunnin bango ya zauna a kunne dare da rana. Wannan ƙa'ida ta ci karo da tarbiyyar Hajiya, wadda ta shekara da shekaru tana bin ɗakuna tana kashe duk makunnin da ta gani a kunne, tana ɗaukar hakan wani yanki na tsoron Allah. Duk ƙwan da ta bi ta kansa sai manhaja, wato shirin da ke cikin waya, ta ba da rahoton cewa ya ɓace. Maigidan ya manne makunnan da salatif, aka wayi gari an ɓare shi an ɗaure bakin ledar kuka da shi.

Babbar fitinar ta zo ne daga ɗabi'u biyu da aka ƙera ƙwayayen da su, waɗanda kowace tana da hikima a ƙasar da ta fito. Ta farko ita ce idan wuta ta dawo bayan yankewa, ƙwai da dama sukan kunna kansu da cikakken haske, don kada mai gida ya rasa fitila in wayarsa ta lalace. A gidan da ake magana a kansa, wannan ya zama duk lokacin da aka kawo wuta cikin tsakar dare sai ɗakuna su haske gaba ɗaya kamar an shigo samame, jariri ya tsala ihu, uwargida ta tashi da salati, maigida kuma ya shiga lalube a ƙarƙashin matashi yana neman wayar da za ta kashe abin da da can yatsa ɗaya ke kashewa. Ta biyu ta fi wannan muni. Hanyar da ake sa ƙwai ya manta gidansu, don a haɗa shi da sabuwar waya, ita ce a kunna shi a kashe sau da yawa a jere, daga nan sai ya shiga ƙyaftawa yana jiran sabon ubangida. Ƙwan ba shi da hanyar bambance hannun mai shi da wutar da ke zuwa tana komawa, ko yaron da ke kokawa da hannun canji tsakanin wutar layi da janareta, saboda haka a wani dare na damina fitilun gidan duka suka manta kowa, suka kama ƙyaftawa a tare har ana hangowa daga titi. Wani maƙwabci dattijo ya sallamo da asuba, ya jajanta, ya ce shi dai ba ya son shiga abin da babu ruwansa, amma ya san wani malami da ke da hannu a kan irin wannan.

Na'urar jin motsi ta cancanci bayani na musamman. Ita ba ido gare ta ba, ɗumin jiki take ji idan ya gitta a gabanta, kuma tana gane shi ne da bambancinsa da ɗumin wurin. Daga nan abubuwa biyu suka biyo baya. A hunturu, lokacin da garin ya yi sanyi, tana jin komai, har ragon da aka sayo ranar Laraba a kasuwar dabbobi ta Potiskum aka ɗaure a tsakar gida, wanda ya kwana yana kunna fitila da kaɗa kai. A bazara kuwa, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 alhali jikin mutum 37 yake, bango da daɓe sukan riƙe ɗumi har bayan magariba, sai na'urar ta kasa tantance mutum daga gini. Ga shi kuma ba ta san mai zama shiru ba. Surukin maigidan ya kawo ziyara, aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka gaisa, aka yi irin shirun nan na girmamawa da kowa ya sunkuyar da kai, minti bai cika biyu ba fitila ta mutu. Maigidan ya ɗaga hannu ya kaɗa a cikin duhu, haske ya dawo ya same shi a haka, hannu a sama a gaban suruki. Da abin ya maimaita, dattijon ya jawo takalmansa, ya ce, "Malam, ai da baki ma za ka faɗa mana dare ya yi, mu masu ganewa ne." Biko da bayani sun ci goro da tafiya har gida, kuma har yau ba a tabbatar an gamsu ba.

Batun umarnin murya gajere ne, domin na'urar da aka sayo ba ta jin Hausa, Turancin maigidan ma sai ta ga dama, kuma ranar da data ta ƙare ba ta jin kowane harshe. Abin da ya tsira daga gwajin shi ne fitilar ƙofar gida, wadda aka haɗa da batirin sola da wata 'yar na'ura mai jin hasken rana, ba ruwanta da intanet, tana kunnawa da magariba ta kashe da safe. Aibinta ɗaya, ƙurar hunturu kan rufe mata fuska ta ɗauka dare bai ƙare ba, ta wuni a kunne. An ɗora wa autan gidan aikin hawa kujera ya goge ta, da zare wayar akwatin intanet ya mayar idan ya sandare, da karanta wa mahaifinsa ƙananan rubutun manhaja, kuma tun da ya fahimci babu wanda ya iya sai shi, ya daina karɓar alewa, sai kuɗi a hannu kafin ya hau kujerar.