Kuɗin tara da kular makaranta

Mu a layinmu, da gari ya waye magana ɗaya ce ke tsallaka katanga: yau me za a zuba wa yara a kula? Kowace uwa tana cewa da dabararta, amma in ka buɗe jakunkunan za ka tarar kusan duk ɗaya muke. Indomie, biskit, sai ɗan kwalin lemo. Wanda bai samu kula ba a damƙa masa kuɗin tara, ya je bakin makaranta ya ƙarar a kan alawa da ƙanƙarar leda mai rina harshe.

"Wallahi Yaya, ba ganda ba ce," in ji amaryar gidan da ke kallon namu. "Na zuba masa ɗanwake da ƙwai, haka ya dawo min da shi. Wai 'yan ajinsu dariya suke masa."

Inna ta gidan kusurwa, wadda jikokinta sun cika tsakar gida, ba ta bari ta rufe baki ba. "Ke 'yar nan, dariyar ta kwana nawa ce? Mu ɗumame muke ba namu da safe, ko koko da ƙosai, su kai azahar ba wanda ya yi kukan yunwa."

Ni dai ina bayan Inna. Abin da ke damuna shi ne mun fara jin kunyar abincinmu, har muna biyan kuɗi mai yawa mu sayi abin da ba ya riƙe ciki. Wake da waken suya da gyaɗa suna gina jiki, alale da awara da ƙuli-ƙuli duk daga cikinsu suka fito. Lemon kwali kuwa yawancinsa ruwa ne da sukari, ga haƙora na lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Yaron da ya haɗa shayi mai zaƙi da safe, lemo a tara, alawa a hanyar gida, ina zai tsaya a nan?

Wata ta ce ai gwamnati na ciyarwa. An yi, ba a musu. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare, naira 70 kan kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati. Yara sun yi ta tururuwa zuwa aji saboda shi. Amma ko a lokacin, yau a dafa, gobe shiru, kuma ɗan aji huɗu ko ɗan makarantar kuɗi ba ya ciki. Tukunyar dai tamu ce.

Tsada kam akwai ta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ƙwai ya zama sai wane da wane. Duk da haka dafaffen dankalin Hausa, kwaɗon zogale, aya, dabino da yankan kankana ba su fi ƙarfin yawancinmu ba. Shi ya sa mu huɗu da yaranmu ke aji ɗaya muka yi shawara: ranar Litinin kowa alale zai zuba, da zoɓo mai ɗan sukari kaɗan a gora. Amarya ta ce ita za ta kai markaɗe, Inna kuma ta ɗauki nauyin surfa waken.