Wani ya tsuguna a bayan Baitalami

Taubashiyata,

Yaya Mama da ƙafar tata, yaya mutanen Wusasa? Mu nan Basalona lafiya lau, sai sanyin da ya sa na daina yi wa 'yan Jos dariya.

Gyara zama ki sha labarin 'yarki. Da Disamba ta kama, malamar makarantar Lahadi ta ce kowane yaro ya haɗa tasa Baitalami a gida, wai ɗan shekara uku da hannu yake gane labari. Na ɗauko kwalin takalmi ya zama ɗakin dabbobi. Kwalayen da ke saura in tishu ya ƙare suka zama Yusufu da Maryamu, na yanko bakin tsohuwar atamfar nan da kika daɗe kina roƙo na yi wa Maryamu mayafi. Ki yi haƙuri, ta fi ki buƙata. Tumaki kuwa auduga ce da gam, rabin garken ya ƙare a gashin 'yarki. Jaririn da gyaɗa mai ɓawo muka yi shi, muka kwantar da shi a kwalin ashana. Kafin in wanke hannu in dawo ta ɓare ta cinye. Yanzu da marfin kwalba muke lallaɓawa.

Da dare sai littafin hotuna mai kaurin shafi, wanda ko ta ciza ba ya yagewa. Da yaren Katalan aka rubuta shi, ni kuma nawa bai wuce na cefane ba, don haka sai in bi hotunan ina ba ta labarin da Hausa yadda yake a Luka sura 2. Ta riƙe mala'ika da makiyaya, amma jakin ne gwaninta.

Matsalar ta faro ne ranar da muka je kasuwar Kirsimeti ta Santa Lusiya, wadda ake ci a gaban babbar majami'ar garin tun 1786. Cikin 'yan mutum-mutumin makiyaya sai ga wani ɗan ƙauye da jar hula, ya zame wando ya tsuguna, abin da ya ajiye kuma ga shi nan a ƙasa, an ma yi masa fenti. Na rufe wa yarinya ido. Mai rumfar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai sunansa kagane, Baitalamin mutanen nan ba ta cika sai an ɓoye shi a wani lungu, taki yake zuba wa ƙasa don shekara ta yi albarka. Har na Messi da na shugabannin ƙasashe ake sayarwa, kowa a tsugune.

To, 'yarki ta kafe sai an saya. Tun daga ranar, in aka tambaye ta su wa suka zo gaida Yesu, sai ta ce makiyaya, da tumaki, da mai kashi. Haka ta faɗa wa fasto a gaban jama'a, da Hausa tsantsa, Allah ya taimake ni ba ya ji.

Babbar kyauta kuma a nan sai 6 ga Janairu, masanan nan uku na gabas ne ke kawowa, har ta jirgin ruwa suke shigowa gari a jajibirin. Kullum da safe 'yarki tana matsar da raƙumansu kaɗan zuwa kwalin, tana yi musu faɗa wai sun cika nawa.

Ki gaida kowa. In mai zuwa ya samu, ki aiko mana da littafin labaran Littafi Mai Tsarki na yara na Hausa, da yaji da daddawa. Wannan wasiƙa kuma kada ki kuskura ki karanta wa Baba, kin san dattijon coci ne.

Taki,
Taubashiyarki ta Basalona